Wutar Malama da Fukafukan Shaho

Akwai wani makaniki, jama'ar wannan shafi, wanda duk layinsu babu mai kiransa da sunan yanka sai Shaho. Kada ku ɗauka farauta yake yi. A gem ya samo sunan, kuma wallahi ya ci sunansa.

Bari in kwatanta muku gem ɗin, saboda waɗanda ba su taɓa riƙe rimot ba. Labarin wani tsohon birni ne na zamanin takobi da kwari da baka. Wani azzalumin mai mulki ya kulle bayin Allah a kurkuku bayan kogi, ya tsare kowace ƙofa. Sai wani tsohon maƙeri ya ƙera fukafukai da gora da igiya da yadi mai kauri. Babu inji, babu mai. Jarumi zai rataya a ƙarƙashinsu, ya diro daga hasumiya mafi tsawo, ya ratsa birnin ta sama har ya tsallake katangar kurkukun.

To amma fukafukan nan sauka kawai suka iya. Sai an hura wuta a ƙasa, zafinta ya cilla su sama. Shi ya sa mutum biyu ke buga gem ɗin. Ɗaya yana sama yana shawagi. Ɗayan yana ƙasa yana gudu a kan rufin gidaje da kaskon wuta, yana ajiyewa yana hurawa, dakaru na bin sa da takubba.

Allon talabijin a rabe yake biyu. Amma ku faɗa mini tsakani da Allah, wa zai tsaya kallon mai ɗaukar kasko alhali ga mutum can yana tashi sama?

Mai hura wa Shaho wuta matarsa ce, malamar firamare, uwar 'yan biyunsa. Shi ma Malama yake ce mata.

Sun fara gem ɗin ne a lokacin da jak ya zame a gareji, mota ta danne masa babban yatsan hannun hagu. An ɗaure, ya warke, amma kafin nan ya daɗe a gida fuska a murtuke, ko 'yan biyu ba ya wasa da su. Malama ce ta aro na'urar gem wurin ƙaninta don ya samu abin rage zafi. Ranar da ya fara tsallake kogin nan, ya yi wani ihu da sai da maƙwabta suka leƙo ko lafiya.

Daga nan fa abin ya zama jiki. Kullum da yamma, idan ta gama duba littattafan ɗalibanta, sai su baje a kan darduma a falo. 'Yan biyu na bayansu a kan kujera suna tsalle suna cewa, "Baba tashi! Baba tashi!"

Sai dai akwai abu ɗaya da ke ba Shaho haushi. Gwanayen gem ɗin duk a miƙe suke jera wutarsu, daga hasumiya zuwa kurkuku. Ita kuwa Malama wutarta kullum a lanƙwashe take zuwa hagu, kamar lauje.

"Malama, ke da kike koya wa yara jan layi da rula, me ya hana ki jera wuta a miƙe?"

Sai ta yi murmushi ta ce, "Ai ka isa lafiya, Baban 'yan biyu."

"Na isa mana! Don dai ni ne. Da wani ne, da tuni ya sha ƙasa."

Sai ta ci gaba da jera wutarta. Haka take. Ko agogon bango ya kafa a karkace ya juya baya, sai ta bi a hankali ta daidaita shi, ba tare da ta ce uffan ba.

Ana nan sai aka shirya babbar gasa a wani ɗakin taro, da kofi da komai. Shaho da Malama suka shiga, suka yi ta kakkaɓe jama'a har suka kai wasan ƙarshe. Kai, ku zo ku ga Shaho a lokacin! Tafiyarsa ma ta canja. A gareji idan an ce ya duba birki, sai ya fara ba mai mota labarin yadda ya ratsa tsakanin kibau.

A nan wani matashi ya same shi. Walƙiya ake ce masa, don duk masu hura wuta babu mai saurinsa. An fitar da abokin wasansa a zagayen baya.

"Maigida Shaho, na kalli wasanku," in ji Walƙiya. "Da wannan karkatacciyar wutar ma kana cin mutane. Ina ga an jera maka ita a miƙe? Ai sai ka wuce kurkukun ka faɗa wani gari."

Maganar ta shige shi har ɓargo. Ya dawo gida yana sosa ƙeya, Malama na ninke kayan makarantar yara.

"Malama, wasan ƙarshe ba wasan falo ba ne. Na sa Walƙiya ya riƙe wuta. Ke na rubuta ki a 'yar jiran ko ta kwana."

Hannunta ya tsaya a kan rigar da take ninkewa. Ta ji zafi, ba na ɓoye muku ba, har idonta ya ciko. Ta ce, "Kun gwada tare?"

"Gwaji na me? Gwani da gwani ne."

"Ko sau ɗaya ku gwada, don Allah."

"Malama, ki bar wa masu abin abinsu."

Ta ci gaba da ninkin ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Ni a nan ne raina ya ɓaci da Shaho, kuma na san ku ma haka.

Ranar wasa ɗakin taro ya cika maƙil. Allo ƙato kamar bangon gida, lasifika na girgiza ƙirji. Malama ta zo da 'yan biyu, suka zauna can baya kusa da ƙofa.

Mai gabatarwa ya bayyana doka. An ƙara iska da maharba a wannan zagayen. Kowane ɓangare zai diro sau uku, wanda ya fi nisa shi ne da kofi. Abokan karawarsu, wasu samari masu gyaran waya, su suka fara. Suka yi wasa na ban mamaki, har sai da gwaninsu ya daki katangar kurkukun kanta kafin ya faɗo. Ke nan babu abin da zai ba Shaho kofi sai ya tsallake katangar.

Ya hau dandamali yana ɗaga wa jama'a hannu. "Shaho! Shaho!" Walƙiya ya zauna kusa da shi yana murza yatsu.

Ya diro daga hasumiya. Fukafukai suka buɗe, yadi ya cika da iska. Walƙiya kuwa kamar aljani, kafin ka ƙifta ido ya jera wuta a miƙe sak.

Wutar farko ta ɗaga Shaho. Ta biyu ya ɗan goge ta ta gefe. Ta uku kuwa ya wuce ta hagunta fintinkau, ko ɗuminta bai ji ba. Sai ga Shahonmu yana sulalowa, tim, a cikin kasuwar birnin, kan rumfar mai tukwane.

Sai wani a ɗakin ya fashe da dariya.

"Rimot ɗin nan ne," in ji Shaho. Aka canja masa.

Walƙiya ya matso ya ce a hankali, "Maigida, ba rimot ba ne. Hagu kake janyewa. Ka gyara hannunka."

"Ni? Hagu?"

Ya sake dirowa, yanzu yana lura. Innalillahi! Gaskiyar yaron ce. Ya ɗauka a miƙe yake tura sandar rimot, ashe yatsan nan da mota ta danne yana zamewa hagu kaɗan kaɗan. Ya yi ƙoƙarin gyarawa, ya fizgo dama da ƙarfi. Fukafukai suka juye, kibiya ta huda yadin, ya faɗa kogi tsundum.

Saura dirowa ɗaya. Gumi ya jiƙe masa riga. Ya zauna yana kallon yatsansa kamar yau ya fara ganinsa. Sai laujen nan na Malama ya faɗo masa a rai, wutar da ya yi ta yi wa dariya a falo. Ashe ba shi ke bin karkatar wutarta ba. Ita ce ke bin karkatar hannunsa, tana kai masa wuta inda ta san zai je.

Ya miƙe. Bai jira kowa ba, ya sauko daga dandamali, ya ratsa tsakiyar jama'a, ido duk a kansa, har kujerar baya. Ya durƙusa a gaban matarsa, a gaban 'ya'yansa.

"Malama, tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da aka kwance maka bandeji."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"A lokacin tsoro kake hannun ya mutu, ko sifana ba ka son gani. Gem ɗin nan ne ya dawo mana da dariyarka a gida. In ce maka me? Matsar da kasko ya fi mini sauƙi."

Shaho ya sunkuyar da kai. "Na yi miki rashin kunya. Ki yafe mini. Ko ba ki zo ba, ban ga laifinki ba."

Ɗaya daga cikin 'yan biyun ya ja mayafinta. "Mama, ki je mana, Baba sai faɗuwa yake yi!"

Duk na kusa suka kwashe da dariya, har ita. Ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Tashi, kana tara mana jama'a."

Walƙiya, Allah ya yi masa albarka, da kansa ya miƙa mata rimot. Ta zauna. Shaho ya ce, "Zan yi ƙoƙari in miƙe hannun."

"Kul! Kada ka gyara komai. Ka tashi yadda ka saba. Karkatarka na san ta."

Ya diro.

Jama'a, ban taɓa jin labarin gudu irin na Malama a ranar ba. Ta haura rufi, ta dire kasko a hagu, ta hura. Fuu! Shaho ya yi sama. Ta tsallaka wani rufin, dakaru biyu a bayanta, ta sake direwa can hagu. Fuu! Ya ƙara sama, kibau na wucewa ta ƙarƙashinsa. A karon farko a ɗakin nan, mutane suka bar kallon mai tashi suka koma kallon mai kasko.

Suka iso bakin kogi. Kasko ɗaya ya rage mata, dakaru sun kusa kama ta. Gadar da kowa ke ajiye wutar ƙarshe tana gabanta, amma sai ta wuce ta, ta kwasa hagu zuwa rufin wani ƙaramin gidan masunta.

"Ba nan ba! Ba nan ba!" ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya.

Shaho yana ta yin ƙasa, ƙafafun jaruminsa sun kusa taɓa ruwa. Ga gada a dama babu wuta. Zuciyarsa na ce masa ya fizgo dama.

Malama ba ta ko kalle shi ba, ta ce, "Sakar wa yatsanka, Baban 'yan biyu."

Ya sakar masa. Fukafukai suka zame hagu, suka zame, suka zame. A daidai lokacin da takobin dakare ya sauka a kan mai kaskonta, wutar ta kama. Zafin ya daki yadin daga ƙasa, Shaho ya yi wani irin tashi, ya shafi kan katangar da tafin ƙafa, ya dira a tsakiyar kurkukun.

Wayyo daɗi! Ɗaki ya kece. Kujeru suka kife. 'Yan biyu suka sheƙo a guje, masu gyaran waya ma tafi suke yi. Walƙiya ya ɗora hannu a ka yana cewa, "Wannan matar ba dama!"

Mai gabatarwa ya kawo kofi ya kara wa Shaho makirfo a baki. "Shaho, faɗa wa jama'a sirrin tashinka."

Ya ɗaga yatsan nan sama kowa ya gani. "Ni faɗuwa na iya, kun shaida da idonku har sau biyu. Ga mai tashina nan." Ya karɓi kofin ya danƙa a hannun Malama.

Bayan kwana biyu aka kawo musu hoton da aka ɗauka a dandamali. Shaho ya ɗauko guduma ya kafa shi a bangon falo, ya ja baya ya ce ya yi daidai. Ya juya zai mayar da guduma, Malama ta lallaɓa ta sa yatsa ta tura gefen hoton.

Bai juyo ba ya ce, "Na gan ki."

Ta tsaya cak.

"Na gode, Malama. Da wannan, da agogon, da duk sauran da ban gani ba."

Darasi: Idan ka ga kana tashi sama, ka leƙa ƙasa ka ga wanda ke hura maka wuta. Sau da yawa mutumin da kake ganin aikinsa a karkace, karkatarka yake rufewa bai faɗa maka ba. Kada ka jira sai ka faɗi a gaban jama'a kafin ka gode masa. Ku tura wannan labari ga wanda ke matsar muku da kasko a rayuwa, ku ce masa kun gan shi.