Kwasakwasa a Ruwan da Aka Ɗaure

An yi wani Kwasakwasa a bakin wani tafki, can ƙasar fadamu inda koguna suke rarrabuwa su bazu cikin ciyawa. Babban tsuntsu ne fari, mai dogon baki, da wata jaka tana reto a ƙarƙashin bakin. Halinsa ɗaya ne: duk abin da ya gani, sai ya auna shi da jakar nan.

Maƙwabcinsa Gauraka ne, mai tukku ruwan zinariya. Shi kuwa ba abin da yake so kamar yawo da kallo. Yakan tsaya a gaban furen bado har ya manta bai karya kumallo ba.

Akwai na uku, wani tsohon kifi mai yawan mita. Amma ku yi haƙuri, sai mun isa wurinsa.

Wata shekara rani ya yi tsawo, tafkinsu ya janye har ya koma taɓo. Sai Gauraka ya ce shi zai tafi ziyara wani kwari da ke gabas.

Ni ma na taɓa ratsa kwarin nan da ƙafata, lokacin da gwiwa take da ƙarfi. Sunan garin da ke kusa da shi ya kuɓuce mini, kamar yadda sunaye da yawa suke kuɓuce mini yanzu. Ruwan dai ban manta shi ba.

A ƙarshen kwarin akwai wani gurbi mai zurfi wanda ba ya ƙafewa. Idan rani ya matsa, can iyayen kifi suke taruwa da 'ya'yansu. Saboda haka mutanen wurin suke ɗaure ruwan. Sarkin Ruwa yakan kafa sanda ya ɗaura mata kaba. Daga ranar ba mai jefa koma, ba mai jefa ƙugiya, sai ruwan damina ya sauko.

"Kifi nawa ne a ciki?" in ji Kwasakwasa.

"Ba ƙirga zan je ba, Mai Jaka. Kallo zan je."

"Ai ni ma kallon zan je. Ka taɓa ganin wanda ya fi ni son kallo?"

"Na taɓa ganin kana kallon wata tarwaɗa," in ji Gauraka. "Ba ta daɗe ana kallonta ba."

Kwasakwasa ya yi ta rantsuwa har Gauraka ya yarda. Suka tashi tare da sanyin safiya.

Da suka iso bakin kwarin, sai ga sandar nan a tsaye, kabar tana kaɗawa. Gauraka ya sauka, ya naɗe fikafikansa.

"Daga nan da ƙafa ake shiga."

"Da ƙafa! Wa ya ce?"

"Haka muka tarar."

"Kai ai ba ruwanka, Mai Tukku, ƙafafunka kamar karan dawa. Ni fa? Dubi tawa, kamar faifai!"

"To, ka zauna ka jira ni."

Kwasakwasa bai zauna ba. Ya biyo baya, ɗaɓas ɗaɓas, yana gunaguni.

Ya ku yara, da za ku ga hanyar nan! Kogin ya rage ɗan siriri, yana ƙyalli tsakanin farin rairayi. Giginyoyi sun jeru a gaɓa, sai ka ɗaga kai har hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshensu. Agwagin ruwa sun rufe wata fadama baki ɗaya suna fito, wasu daga cikinsu baƙi ne daga ƙasashen da ba wanda ya san hanyarsu. Wani ɗan tsuntsu mai dogayen yatsu yana takawa a kan ganyen bado, ganyen ko nutsewa ba ya yi. Can wata dorina ta ɗago kai, ciyawa a bisa goshinta, ta dube su ta koma.

"Dubi ikon Allah!" in ji Gauraka. Kowane taku sai ya tsaya.

"Ina dubawa," in ji Kwasakwasa. "Ƙaya ce ta soke ni."

Da hantsi suka hau wani tudu, suka sami kansu a kufai, wato wurin da gari ya taɓa zama ya tashi. Ganuwar ta narke ta zama tuddai, kamar raƙuma sun durƙusa. Wata tsohuwar kuka tana tsaye a tsakiya, da ramukan turakun da masu ɗiban zuma suka kafa a jikinta. Ga duwatsun niƙa a zube, cikinsu ya loɓa saboda hannun matan da ba wanda ya san sunansu yanzu. Ga ramukan marina a jere, kwaɗi sun gaje su.

Kwasakwasa ya leƙa rami ɗaya. "Babu kifi," ya ce. Ya leƙa na biyu. "Nan ma babu. Shi ya sa garin ya tashi."

A gefen kufan akwai wani falalen dutse a ɗore a kan wasu duwatsu. Gauraka ya ɗan ƙwanƙwasa shi da baki. Sai dutsen ya amsa, ƙarrr, kamar ƙararrawa, sautin ya bi kwarin ya tafi, ya dawo. Agwagi suka yi tsit.

"Mai Jaka," in ji Gauraka a hankali, "waɗanda suka kaɗa dutsen nan sun tafi. Jikokinsu ma sun tafi. Amma kabar da suka fara ɗaurawa, har yau ana ɗaura ta."

"To, dutsen ana cin sa?"

"Kai dai Allah ya shirye ka."

Suka gangara daga tudun, sai ga gurbin. Wani ƙaton ɓaure ya yi masa rumfa. Ruwan garau yake, har ana ganin tsakuwar ƙasa. Kifaye kuwa, jere a kan jere, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ba wanda yake gudun wani. Kwasakwasa ya ji jakarsa tana rawa da kanta.

A kusa da gaɓa wani baƙin kifi mai gashin baki yana yawo a rigingine, cikinsa a sama.

"Allah sarki!" in ji Kwasakwasa. "Wannan ya riga mu gidan gaskiya. Bari in yi masa sutura."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi!" in ji kifin. "Wa ya mutu? Haka muke iyo tun kaka da kakanni. Ku ne kuke a kife!"

Wannan shi ne Ƙurungu, tsohon da na ce za mu isa wurinsa. Shi ne mai gadin gurbin, ko da yake ba wanda ya naɗa shi.

"Sannu da aiki, Baba," in ji Gauraka, ya rusuna. "Baƙi ne mu, kallo muka zo."

"Kai na yarda. Wancan mai buhu a wuya fa?"

"Tare muke."

"Hm. Ku tsaya nan, kada wanda ya buɗe fiffike. Yaran zamani, sai an faɗa musu komai."

A ƙarƙashin wani ganyen bado akwai wata Karfasa, kumatunta a kumbure, jikinta a rame. Gauraka ya gaishe ta.

"Sannu da hutawa, Inna."

Ba ta amsa ba. Ta dai kaɗa wutsiya.

"Ji mara tarbiyya!" in ji Kwasakwasa. "A gaishe ki, ki yi banza da mutane?"

"Da me za ta amsa, sarkin surutu?" in ji Ƙurungu. "Bakinta a cike yake."

"Da abinci?"

"Rufe naka bakin, ka yi kallo."

Suka zuba ido. Can Karfasa ta duba dama, ta duba hagu, ta buɗe baki. Sai wani abu kamar hayaƙi ya fito. Ashe 'ya'yanta ne, ƙanana kamar ƙwayar gero, kowanne da idanunsa biyu da 'yar wutsiyarsa. Suka bazu cikin hasken rana suna tsintar abinci, suna walƙiya.

Sai wani ganyen ɓaure ya faɗo, inuwarsa ta gilma a kan ruwa. Kafin ƙiftawar ido duk sun koma cikin bakin uwarsu, ta rufe.

"Tsarki ya tabbata ga Mai halitta," in ji Gauraka.

"Tun suna ƙwai take ɗauke da su," in ji Ƙurungu. "Tun ranar ko loma ɗaya ba ta ci ba, don kada ta haɗiye ɗa. In inuwar fiffike ta yi ta gilmawa, yaran ba za su fito su ci ba, uwar ma ba za ta huta ba. Shi ya sa ake shigowa da ƙafa. Kun gane, ko sai na sake?"

Kwasakwasa ya gane, amma wani abu dabam ya gane. Ya ce a ransa, "In suna waje, sun yi ƙanana, ba sa kamuwa. In suna ciki kuwa, ai loma ɗaya ce."

Ya jira har Karfasa ta sake sakin 'ya'yanta. Sai ya ware manyan fikafikansa a kan ruwan. Duhu ya rufe gurbin. Yaran suka ruga cikin bakin uwarsu.

"Mai Jaka!" in ji Gauraka da ƙarfi. "Ruwan a ɗaure yake!"

Ina! Bakin ya riga ya faɗa ruwa. Ya kwaso Karfasa da duk abin da take ɗauke da shi. Amma bai kwaso ta ita kaɗai ba. Tsohon Ƙurungu ya yi wuf ya faɗa cikin jakar tare da ita.

To, ƙurungu yana da ƙayoyi uku, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe. In ya miƙe su sai su kulle, ba mai lanƙwasa su sai shi. Masunta sun san haka, shi ya sa suke kama shi da dabara. Kwasakwasa bai taɓa tambaya ba.

Ƙurungu ya gicciye a ƙofar maƙogwaro, ya miƙe ƙayoyinsa. Haɗiya ta gagara. Tofarwa ma ta gagara.

"Fi... fita!" in ji Kwasakwasa, idanunsa sun firfito.

"Ba kai ka gayyace ni ba?" in ji murya daga cikin jaka. "Baƙo ba ya tashi bai huta ba. Inna, matsa bayana, ki riƙe bakinki da kyau."

Kwasakwasa ya ce bari ya tashi sama. Ya ruga a kan ruwa yana bugun fiffike, amma jakar cike take da ruwa, ta ja kansa ƙasa, ya kife. Ya miƙe, ya girgiza kai dama, ya girgiza hagu. Sai ƙyat! Ƙaya ta keta jakar tun daga sama har ƙasa. Ruwa ya tsiyaye, Karfasa ta sulale ta kafar, ta faɗa gurbi.

Gauraka ya miƙa wuya yana leƙen ruwan. Karfasa ta nutse, ta daɗe, sannan ta ɗago a ƙarƙashin ganyenta. Ta buɗe baki.

Suka fito. Suka yi ta fitowa, har na ƙarshe, wani ɗan mitsitsi da ya tsaya yana waige kafin ya bi 'yan'uwansa.

"Alhamdu lillahi," in ji Gauraka.

"Yanzu kai," in ji Ƙurungu daga ciki. "Sa bakinka a ruwa. A hankali, kamar mai neman gafara."

Kwasakwasa ya sunkuya. Tsohon ya kwantar da ƙayoyinsa, ya fice ta kafar da ya yi, ya juya cikinsa sama ya ci gaba da mita.

"Ka yafe mini, Baba," in ji Gauraka. "Ni na kawo shi."

"Kai ka dawo duk ran da ka so. Amma in za ka zo, ka zo kai kaɗai."

Suka koma da ƙafa kamar yadda suka zo. Kwasakwasa yana biye, jakarsa a kece, har suka wuce sandar.

Ba a daɗe ba hadari ya haɗu a gabas. Ruwa ya sauko, kogi ya cika ya tumbatsa, ya haɗe da gurbin. Sarkin Ruwa ya zo da jama'arsa, ya yi addu'a, ya kwance kabar. Kifayen da rani ya tara suka fantsama cikin fadamu, har ciyawa tana motsi da su. Masunta suka cika kwanduna. Zalɓe ya ci, kada ya ci, kowa ya ci ya bar saura.

Kwasakwasa yana tsaye a tsakiyar wannan arziki. Ya kwasa, ya zube. Ya sake kwasa, ya sake zubewa. Ƙananan kifaye har suka mai da shi wasa, su shiga ta baki su fita ta kafa. Wani daga cikinsu ya waiwayo ya ce, "Kawu, mun gode da hanya!"

Darasin wannan labari shi ne, abin da magabata suka ce a bari, ba don rowa suka ce a bar shi ba, don gobe ne. In kun je wurin da aka killace, ko ruwa ne, ko daji, ko kufan mutanen da, ku shiga a hankali, ku cika idanunku, ku bar hannuwanku a sake. Wanda ya kasa haƙurin rani ɗaya, damina za ta zo ta same shi ba shi da abin tara ruwa.