Zaure Takwas da Malam Sagiru Bai Shiga Ba

Malam Sagiru malamin wasanni ne a wata makarantar sakandare ta maza da ke kusa da Ƙofar Sauri a birnin Katsina. Mutum ne mai son aikinsa, ba a taɓa kama shi da cin amana ba. Aibinsa ɗaya ne: ƙyuyar taka ƙafa zuwa ƙofar gidan mutane. Gaisuwa gajiyar da shi take yi. Da an fara ina gajiya, ina iyali, yaya aka ji da zafi, sai ka ga bawan Allah yana satar kallon agogo. A ganinsa, duk maganar da za a shimfiɗa tabarma a ɓata awa guda a kanta, layi uku na takarda sun isa su ɗauke ta.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyar da ƙwallon kwando a wani filin siminti da ya tsattsage a bayan azuzuwa. Yawancin shekarun nan a zamanin soja ya yi su, kuma zamanin ya ɓata shi bai sani ba. A lokacin, in za a yi gasa, takarda ce za ta fito daga ofishin kantoma da hatimi a ƙasa. A loda yara a mota a tafi, iyaye su ji labari daga baya, su haɗiye abin da ke ransu. Daga bisani ma gasar ta mutu gaba ɗaya. Aka bar Malam Sagiru da usur a wuya yana horar da yaran da ba su da inda za su je su buga. Duk shekara sai ya ga waɗanda ya sha wahala a kansu sun girma sun watse, wannan ya kama acaɓa, wancan ya bi ubansa kasuwa. Ya gaji ƙwarai, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

A shekarar 1999 soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Bayan damina sai ga sanarwa cewa an farfaɗo da gasar makarantu ta 'yan ƙasa da shekara goma sha shida. Kakar wasan mako takwas ce, za a buɗe ta a Funtuwa ranar wata Asabar, a kwana ɗaya a dawo. Kwamitin ya gindaya sharuɗɗa biyu. Kowane yaro sai ya zo da yardar mahaifinsa a rubuce, kuma duk makarantar da ba ta buga wasan farko ba an cire ta har sai baɗi.

Malam Sagiru ya karanta sanarwar sau uku. Yana da yara goma sha biyu da ya shekara uku yana gyarawa, takwas daga cikinsu shekarunsu goma sha biyar cif. In wannan kakar ta wuce su, sun wuce gasar ke nan har abada. Cikinsu akwai Umair, ɗan wani mai sayar da hatsi a Babbar Kasuwa, dogon yaro mara surutu, wanda in ya saki ƙwallo daga nesa sai ka ji kwandon ya yi ɗan ƙara kawai. Malam bai taɓa riƙe yaro kamarsa ba.

Ya tashi haiƙan, wannan kam ba a raina masa ba. Ya nemo siminti ya liƙe tsagogin fili da hannunsa. Ya kai ɗinkin riguna masu lamba wurin tela, ya yi ta sintiri har aka gama. Ya bi 'yan gwanjo ya tsinto takalman kambas, ƙafa goma sha biyu, kowa da girmansa. Atisaye kuwa kullum bayan la'asar, gudu da tsalle da jifa, har sai an kusa kiran magariba. Da ya zo kan iyaye, sai ya zauna ya tsara takarda mai layi uku, ya sa aka buga guda goma sha biyu, ya raba wa yara su kai gida.

Malam Babaji, tsohon malamin tarihi da ya kusa ritaya, ya ga takardar a ɗakin malamai. Ya ɗaga ta ya duba, ya ajiye.

"Malam Sagiru, wagga takarda ita kaɗai za ka aika?"

"To mi ya rage, Malam? Ga rana, ga wuri, ga inda za a sa hannu."

"Kwana za ka yi da ɗiyan mutane a wani gari. Ka tahi da kanka ka gaishe su. Gidajen nan duk a nan cikin gari suke, ba su hi ƙarhin babur ɗinka ba."

"Malam, in na shiga zaure goma sha biyu, gaisuwa kaɗai sai ta cinye mani mako. Da can ma ba takarda muke aikawa ba?"

"Da can tsoro ake ji," in ji Malam Babaji. "Yanzu kowa ya samu bakinshi."

Malam Sagiru ya yi murmushin girmamawa, ya ce zai duba. Bai duba ba.

Washegari takardu huɗu suka dawo da sa hannu na biro, tsaf. Na 'ya'yan ma'aikata ne mazauna GRA, waɗanda iyayensu suka saba da fayil tun safe har yamma. Sauran takwas, na yaran cikin gari, wato 'yan shekara goma sha biyar ɗin nan, shiru. Bayan kwana uku ya tambayi Umair.

"Malam, Baba ya ce ka zo."

"Ya karanta takardar?"

"An karanta mashi. Ya ce dai ka zo ku gaisa."

Sauran bakwai ɗin ma kusan amsarsu ke nan. Malam ya ce, "To, ku ce masu ina nan tahe." Da gaske yake a lokacin da ya faɗa. Amma in an tashi atisaye ƙafafunsa sun yi nauyi, makogwaro ya bushe da ihu, sai ya tuna tabarma da doguwar gaisuwa, ya ce gobe. Mako ya wuce. Umair ya sake kawo saƙon, Malam ya sake cewa yana tafe. Mako na biyu ya bi na farko. A karo na uku yaron bai iya haɗa ido da shi ba, ƙasa yake kallo yana faɗa.

Ranar Litinin ta makon tafiya Malam Sagiru ya tara su a tsakiyar fili. Ransa a ɓace yake, ba da yaran ba ma, da duniya gaba ɗaya.

"Na gaji da wanga zance. Duk wanda bai kawo mani takardarshi ba zuwa Alhamis, ya ajiye riga, ba ya cikin tahiya."

Ranar Alhamis takardu takwas suka cika a kan teburinsa, kowacce da dangwalen yatsa na shuɗiyar tawada. Ya jera su ya duba. Yatsun ƙanana ne. Babu yadda za a yi babban yatsan mutumin da ya shekara talatin yana ɗaga buhun gero ya zama siriri haka. Uku daga ciki ma kamarsu ɗaya sak. Nan take ya gane abin da ya faru, kuma ya san laifin wane ne. Akwai sauran yammacin Alhamis da na Juma'a, lokacin bai ƙure ba. Ya daɗe yana kallon takardun. Sannan ya tattara su ya zuba a jaka, ya ce wa ransa in an dawo da nasara kowa zai huce.

Asabar da sassafe bas ta tsaya a ƙofar makaranta. Yaran GRA huɗu suka iso da jakunkunansu, har sun saka rigunan tun daga gida saboda ɗoki. Ƙarfe bakwai ta yi, ta gota. Direba ya fara danna ham. Babu Umair, babu ko ɗaya daga cikin takwas ɗin. Ƙwallon kwando kuwa ba a fara ta sai da mutum biyar a fili. Yaro ɗaya tak Malam yake bukata.

Ya hau babur ya nufi gidan su Umair, gidan da bai taɓa zuwa ba sai da ya tambaya sau biyu a hanya. Aka ce maigidan ya fita kasuwa tare da yaron. Ya juya zuwa Babbar Kasuwa, ya kutsa layin 'yan hatsi har rumfar Alhaji Sada, mahaifin Umair. Ya tarar da dattijon zaune a kan buhu. Umair yana can ciki yana auna dawa da tiya, idanunsa sun kumbura.

Alhaji Sada bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kawo benci, ya gaishe da Malam gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, bai tsallake ko ɗaya ba. Malam yana ta amsawa.

"Alhaji, don Allah a yi haƙuri. Mota na jira. In ba mu buga yau ba an cire mu."

"Malam, mako ukku ina jiranka. Kullum in na taso kasuwa sai in sa a share zaure, in ce yau malamin su Umair shina tahe. Har abokan zamana na masallaci sun hwara yi mani dariya."

"Aiki ne ya yi mani yawa, Alhaji."

"Na sani. Ni ban ƙi wasan ba. Na taɓa tsayawa bayan katanga na ga yadda yaron ke jehwa ƙwallon nan, na ji daɗi. So nike in ga huskar wanda zai kwana da ɗana a wani gari, in ji inda za su kwanta, in ji wa zai tashe su sallar asuba. Da ka zo, minti goma ya ishe mu. Ko akuya za ka ara a gidana, ai ka yi sallama."

Alhaji ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa.

"Jiya uwarshi ta gan shi shina haɗa kaya a ɓoye. Na tsare shi, ya hwaɗa mani gaskiya. Yaron da bai taɓa yi mani ƙarya ba, shi ne ya dangwala yatsanshi ya ce nawa ne. Da asuba na gaya ma sauran iyayen, kowa ya bincika ya tarar haka. Ka ga takardun nan kau, Malam? Ka duba su?"

Nan ne wurin da ya fi ciwo. Malam Sagiru ya sunkuyar da kai ya ce, "Na duba."

"To ka gani. In na sake shi yau, na koya mashi ƙarya na biya. Ba za shi ba. Allah ya huci zuciyarka."

Malam ya miƙe. Umair ya fito ya durƙusa ya ce, "Malam, ka yi haƙuri." Yaron ne ke ba shi haƙuri, alhali shi ya jefa shi a ciki. Malam ya dafa kan yaron kawai ya wuce.

Da ya koma makaranta ya tarar yaran huɗu suna ta buga ƙwallo a gefen bas suna dariya. Ya sallami direba. Ya ce su cire rigunan su ninke. Ƙaraminsu ya tambaya ko an ɗaga wasan ne zuwa gobe, Malam ya ce a'a, sai baɗi. Ranar Litinin takardar kwamiti ta iso, an cire makarantar daga kakar bana.

A makon nan Malam Babaji ya sa shi gaba suka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya don ba da haƙuri. Ko'ina aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo ruwa, aka karɓe su da mutunci. Wani uban ma cewa ya yi da an zo tun farko, da shi zai raka yaran Funtuwa da motarsa. Zaure takwas ɗin nan da Malam Sagiru ya yi mako uku yana gudu, yammaci biyu suka ɗauke shi. Da baɗi ta zagayo, Umair da 'yan uwansa bakwai sun cika goma sha shida. Ba su taɓa buga gasa ko sau ɗaya ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba amanar 'ya'yan mutane, to ya sani shirinsa bai cika ba sai ya shirya da iyayensu, ido da ido. Takarda tana isar da saƙo, amma ba ta gaisuwa, ba ta kwantar da hankalin uba. Malam Sagiru ya yi duk aikin da ke da wuya, ya ƙi ɗan ƙaramin da ke bukatar haƙuri da tawali'u, kuma da ya ga ƙarya a kan teburinsa ya kau da kai don gajiya. Mu guji raina hakkin mutane don muna sauri, mu guji matsa wa na ƙasa da mu har su yi abin da ba halinsu ba. Sau da yawa ba mai sakacin ne ke ɗaukar asarar ba, waɗanda suka dogara da shi ne.