Sawun Kaji a Cikin Toka

Akwai wani mai gida wanda Allah ya sa wa gonarsa albarka a wata shekara, ya sami dawa har ya cika babban rumbunsa fal. Mutane da yawa ne ke ci daga rumbun nan. A cikinsu akwai wata gwauruwa mai suna Afiniki, matar ƙanensa da ya rasu, tare da 'ya'yanta biyu. Ita ke share tsakar gida, ita ke kula da kaji.

Da rani ya yi nisa, sai mai gidan ya lura dawa tana raguwa fiye da yadda ake ɗiba. Ya ja layi da gawayi a cikin rumbun, daidai inda hatsin ya tsaya. Bayan kwana bakwai aka ɗaga jinka aka leƙa, sai ga dawa ta sauka ƙasa da layin, alhali ba a ɗebi ko ƙwarya ɗaya ba. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Sai ya aika a kira maƙwabcinsa Filimon, wanda duk garin ke ce wa mai kaifin tunani. Ban san wanda ya fara laƙaba masa wannan suna ba. Abin da na sani shi ne bakinsa da zaƙi, kuma ya iya jera magana, na ɗaya, na biyu, na uku, yana lanƙwasa yatsu, har mai sauraro ya ji kunyar yin tambaya.

Filimon ya ce, "Maigida, abin nan ba wuya. A tankaɗe toka a barbaɗa kewaye da rumbun. Duk mai zuwa wurin, ƙafa ce za ta kawo shi."

Shawarar mai kyau ce, ba zan hana shi wannan yabo ba. Aka barbaɗa toka da yamma. Da gari ya waye mutanen gida da maƙwabta suka taru. Tokar nan ta cika da sawun kaji, wasu sun shiga ƙarƙashin rumbun, wasu sun fito, kamar hanyar kasuwa. Can a gefe guda kuma ga sawun mace. Filimon ya tsallake sawun kajin duka, ya ɗora tsinin sandarsa a kan na macen.

Ya ce, "Na ɗaya, ga sawu. Na biyu, wa ya fi kowa bukata a gidan nan? Mai marayu. Na uku, wa ke riga kowa fitowa tsakar gida? Ku da kanku kun san amsa."

Afiniki ta matso ta rusuna wa mai gidan. Ta ce, "Yaya, sawuna ne, ban musa ba. Kazata na je nema. Amma ka dubi kajin nan. Wata guda ke nan ina watsa musu dusa ba sa ko kallonta, kullum suna ƙarƙashin rumbu, ga shi sun yi ƙiba a tsakiyar rani. Me suke ci a can? Don Allah a duba gindin rumbun."

Filimon ya yi dariya ya ce, "To, yau kuma kaji za mu kira su ba da shaida?" Jama'a suka taya shi dariya.

Ta ce, "Jinkar nan sai maza biyu ke iya ɗaga ta. Ni kaɗai ta yaya zan buɗe?"

Ya juya ga mutane ya ce, "Kun ji da kunnenku. Ashe ma tana da abokin sata."

Da ta fashe da kuka, ya ce kukan rashin gaskiya ne. Da ta share hawaye ta yi shiru, ya ce ai an ƙure ta ne. Ba abin da matar nan za ta faɗa ko ta yi wanda ba zai zama ƙarin hujja a bakin Filimon ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan. Rumbun yana tsaye a kan duwatsu, taku biyar daga inda suke. Duk wanda ya sa gwiwa a ƙasa zai ga ƙarƙashinsa sarai. Maza sun fi goma a wurin, masu ido da gwiwa lafiyayyu, amma ba ko ɗaya da ya durƙusa. Filimon yana sanye da farar riga, ga toka a ƙasa. Sauran kuwa sun ga mai kaifin tunani ya riga ya yi musu tunanin.

Mai gidan ya ce, "Afiniki, ki tattara kayanki ki koma gidan ubanki." Ta ɗaura ƙunshinta, ta riƙe hannun 'ya'yanta, ta fita cikin zafin rana. Kafin ta isa ƙauyensu, sunan ɓarauniya ya riga ta isa.

Bayan kwana bakwai aka sake ɗaga jinka. Dawa ta ƙara sauka. Filimon ko gezau bai yi ba, ya ce abokin satarta ne ke ci gaba. Amma da mutane suka watse, mai gidan yana tsaye shi kaɗai, sai ga wata kaza ta fito daga ƙarƙashin rumbun da ƙwayar dawa a baki. Ya sa gwiwa a ƙasa ya leƙa. Gara ta cinye gindin rumbun, ƙasar ta tsage, dawa tana tsiyayowa kaɗan-kaɗan, kaji suna ta bikinsu.

Ya tashi ya kama hanyar ƙauyen su Afiniki. Ya tarar da ita tana sussuka wa mutane hatsi domin ta ciyar da 'ya'yanta. Ya durƙusa a gabanta, dattijo da furfurarsa, ya roƙe ta gafara, ya ce ta komo gida.

Ta ajiye taɓarya ta ce, "Tashi, Yaya. Na yafe, gama ni ma ana yafe mini. Amma ba zan koma ba. 'Ya'yana sun ji an kira uwarsu ɓarauniya a gidan ubansu, kana tsaye. Durƙuson nan da ka yi mini yanzu, da a gindin rumbu ka yi shi ran nan, da ya ishe ni."

Ya koma gida shi kaɗai. Filimon kuwa da ya ji labari, cewa ya yi, "Ai dama tun farko na yi zargin gindin rumbun." Har wa yau mutanen garin suna ce masa mai kaifin tunani.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaunatattu, Allah ya ba kowannenmu hankali, kuma zai tambaye mu abin da muka yi da shi. Mai gidan nan mu ne. Laifinsa ba rashin neman shawara ba ne. Laifinsa shi ne ya auna tunani da daɗin baki, ya ga wanda ya iya jera magana ya ɗauka ya iya tunani.

In kana so ka san ko tunanin mutum mai kyau ne, kada ka saurari zaƙin muryarsa. Dubi abin da ya tsallake. Toka ɗaya ce ta nuna sawun mace da sawun kaji, Filimon ya zaɓi wanda ya yi masa daɗi. Sa'an nan ka tambaye shi, "Me za ka gani ka yarda ka yi kuskure?" In ba shi da amsa, in kuka hujja ne shiru ma hujja ne, to, wannan ya riga ya yanke hukunci, ado kawai yake yi masa. Afiniki ba ta iya na ɗaya da na biyu ba. Ta lura da kajinta, ta tambayi kanta dalili, ta kuma faɗi inda za a je a gwada maganarta, ko ta gaskata ko ta ƙaryata. A duk taron nan ita kaɗai ce ta yi tunani, ita ce kuma aka kora.

Kada ku ce abin ya yi nisa da mu. Sau nawa saƙo ya shigo wayarka a kan wani ɗan'uwa a cikin ikkilisiya, an tsara shi da kyau, ka tura wa mutum goma kafin ka tambayi mutum ɗaya? Sau nawa aka ce wance ta yi kaza, muka gyaɗa kai domin babba ne ya faɗa? Muna kiran wannan ladabi. Ni dai ragwanci nake kiransa, kuma marasa ƙarfi ne kullum ke shan wahalarsa.

Saboda haka, kafin ka ce "haka ne" a kan maganar da za ta iya raba wani da gidansa ko mutuncinsa, je ka sa gwiwa a ƙasa ka duba da idonka. In toka ta ɓata rigarka, a ranar nan za a wanke ta. Sunan Afiniki kuwa, har yanzu akwai gidajen da bai wanku ba.