Tsohon Maharbi a Kan Falalen Dutse

Akwai wani mutum a wani gari na gindin dutse, maharbi ne, ana ce da shi Jatau. Tun yana saurayi ya gaji baka da kibiya a hannun ubansa, duk ƙasar kuwa ba wanda ya kai shi iya sanɗa. Yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa cikin gamba, ya yi ta jan jiki yana kaɗa kai kamar tsuntsun, har ya iso gab da garke dabba ba ta farga ba. Abin da ya fi so ya harba shi ne gwanki, babban naman dajin nan mai tsayin doki da ƙahoni masu lanƙwasa baya. Ƙahonin da ya rataye a zaurensa sun isa a yi shinge da su. Ya kuwa san ya iya, in ma ka manta shi zai tuna maka.

Ana nan ana nan, daji ya ƙare. Jatau da ire-irensa suka harbe, masu gawayi suka sare, gobara ta cinye saura. Sai mutanen garuruwan da ke kewaye da dutsen suka taru suka kafa ƙungiya, suka keɓe dajin da ke bayan dutsen, suka ce daga yau ba harbi a cikinsa, ba sara, ba kiwo, ba wuta. Wanda yake so ya zama ɗan ƙungiya sai ya fito da fartanyarsa bayan kaka a share iyakar dajin, don kada gobara ta tsallaka. Ladansa kuwa, in rani ya yi a shiga da shi yawo a ciki, ya ga abin da Allah ya mayar. Allah kuwa ya mayar. Shekaru suka wuce, itatuwa suka haɗe kai, tafkin da ya ƙafe ya komo da ruwa, har aka soma jin labarin gwankaye sun dawo.

Ƙungiyar ta sa wani magidanci mai suna Habila ya zama jagora, ba mai shiga dajin sai tare da shi. Ƙa'idarsa ba ta da yawa. A bakin ƙofa kowa ya ajiye adda da wuƙa da ashana a rumfa. Kada wani ya wuce gaban jagora. Inda ya zauna kuma, kowa ya zauna har sai ya tashi.

Jatau ya tsufa a lokacin, ya daɗe da rataye baka, amma bakinsa bai tsufa ba. Yakan kira 'yan ƙungiyar masu kallon ganye. 'Yarsa Liyatu tana cikinsu, duk sa'ad da ta dawo daga yawon tana ba da labari, sai ya tambaye ta ko kallon ya ƙosar da ita, ko kuwa a ɗora tukunya.

Sai idanunsa suka soma dushewa. Liyatu ta kai shi asibiti, likita ya duba ya faɗa musu gaskiya, cewa ciwon ba mai warkewa ba ne, hasken zai yi ta raguwa, da wuya ya kai wata kakar yana gani. Suka koma gida. Da yamma ta same shi a zaure yana shafa ƙahonin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mata, "Liyatu, duk gwankin da na taɓa gani, ko dai yana gudu, ko ya riga ya faɗi. Ban san yadda fuskar mai rai take ba in hankalinsa a kwance yake. Ina so in gani kafin duhu ya rufe ni."

Da aka fita sharar iyaka a shekarar nan, sai ga Jatau da fartanya a kafaɗa. Mutane suka yi ta zolayarsa, wai yau mai cin nama ya zo kallon ganye. Ya shanye, ya yi aikinsa, ya zama ɗan ƙungiya kamar kowa.

Ranar da layi ya zo kansa, rani ya riga ya yi nisa. Suka shiga da sassafe, Habila a gaba, sauran a bayansa, ba mai magana. Jatau ya ajiye wuƙarsa a rumfa, amma ya bar 'yar jakar toka a aljihu, wadda maharba ke barbaɗawa don su ga inda iska ta nufa. Dajin ya ba shi mamaki. Maɗatai da kanya sun yi sama har wuyan mutum ya gaji da ɗagawa, rana tana saukowa tsakanin ganye kaɗan-kaɗan, cilakowa tana kira a nan wata tana amsawa a can, ƙasa tana ƙamshin ganyen da ya ruɓe. Rabonsa da jin wannan ƙamshi tun yana bin ubansa.

Habila ya kai su wani falalen dutse a bakin tafki, ya hau ya zauna a fili, kowa ya zauna. Jatau ya duba wurin, ransa ya ɓaci. Ba ciyawar da za ta rufe mutum, ba ko kututture. Ya saki toka a ɓoye, sai ya ga iska tana tashi daga wajensu tana nufar ruwa, wato tana kai wa dabbobi warin mutane har gida. Ya ce a ransa wannan jagora kirki gare shi, amma bai san dawa ba. A hanya kuwa Jatau ya riga ya taka sabon sawun gwanki, ƙafarsa ta gane shi tun idonsa bai gani ba. Da hankalin mutane ya koma kan ruwa, sai ya sulale ta bayan dutsen, ya zaga ya tari iska, ya sunkuya cikin gamba, ya soma sanɗa yadda ya saba.

Ya yi komai daidai. Ko sanda ɗaya bai karya ba. Garken gwankaye yana gangarowa wajen ruwa ke nan, wata uwa a cikinsu ta hangi ciyawa tana motsi a inda mutum ya sunkuya, ta yi huci, sai ƙasa ta ɗauki rawar kofato. Abin da Jatau ya gani shi ne abin da ya saba gani, bayan dabbobi suna gudu, wannan karon ma dishi-dishi. Waɗanda ke kan dutse kuwa, har da wata tsohuwa da ta sha wahalar tafiyar, suka koma gida ba su ga komai ba saboda shi.

Habila ya zo ya same shi a durƙushe, ƙaya ta yage masa riga. Bai yi masa faɗa ba, ya miƙa masa hannu ya tashe shi. Jatau ya soma bayani a kan iska da wari da mafaka, Habila ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce, "Baba, duk abin da ka faɗa gaskiya ne ga mai son ya kashe. Amma dabbobin nan sun san dutsen can. Shekara da shekaru suna ganin mutane zaune a kansa a fili, hannu wofi, ba wanda ya taɓa su. Warinka ba ya damunsu. Ɓuyanka ne ya kore su, gama sun san abin da ke kawo mutum ya sunkuya cikin ciyawa."

Bisa ga ƙa'ida, wanda ya bar jagora ba ya sake shiga sai wata shekara. Jatau kuwa ba shi da wata shekara. Damina ta ƙarato, in ruwa ya sauka dabbobi sukan watse cikin daji don ko'ina akwai abin sha, ciyawa ta rufe hanya, a daina yawon sai bayan kaka. Liyatu ta so ta je ta roƙa masa, ya hana ta. Shi da kansa ya dogara sanda ya bi gidajen waɗanda ya ɓata wa rana, ya fara da na tsohuwar nan, ya nemi gafara. Wanda ya san Jatau ya san wannan ya fi masa jan ciki cikin ƙaya wuya. Suka yafe masa, suka kuma roƙi Habila ya sa shi cikin yawon ƙarshe na shekarar.

Ranar ta zo da zafin bazara, hadari yana haɗuwa can gabas. A rumfa Jatau ya ajiye wuƙa, ya tsaya jim, sa'an nan ya zaro jakar toka ya ɗora a kanta. Suka kai falalen dutse suka zauna, Liyatu a gefensa. Yanzu bakin tafkin ma da kyar yake rarrabe shi da ƙasa.

Suka jira. Rana ta ɗaga, dutse ya ɗau zafi, ƙudaje suka dame su. Zabin daji suka zo suka sha suka tafi. Can sai kunnen Jatau ya ji abin da sauran ba su ji ba, takun manyan kofatai a hagu, suna tafe suna tsayawa. Sai kuma takun ya soma nisa. Ya san hanyar da zai bi ya tare su, gwiwoyinsa ma har sun fara tashi da kansu. Liyatu ta ɗora hannunta a kan nasa. Ya dubi bayan Habila, ya ga jagora bai motsa ba. Ya koma ya zauna, hawaye suna taruwa masa, gama ya ɗauka shi ke nan, ya yi hasarar ganin ƙarshe saboda zama.

Daji ya yi tsit. Sai ga gwankayen sun ɓullo ta gaba, a fili, ba gaggawa, uwaye da 'ya'yansu, suka jeru a bakin ruwa. Jatau yana jin ƙarar shansu, amma inuwa kawai yake gani. Sa'an nan babban namijin garken ya ɗaga kai daga ruwa, ya tako a hankali, ya yi ta takowa har ya iso gindin dutsen, kusa ƙwarai, inda ko idon da ya dushe zai gani. Ya tsaya ya dubi Jatau. Ga fuskar nan baƙa da fari kamar an zana ta da hannu, ga dogayen kunnuwa masu tuntu a baki, ga ƙahoni sun tafi baya, ruwa yana ɗiga daga haɓarsa. Numfashinsa mai ɗumi yana isowa har ƙafar tsohon. A idonsa babu tsoro ko kaɗan.

Tsoro kuwa Jatau ne ya kama, irin tsoron da kan kama mutum a gaban abin da ya fi shi. Da garken ya juya ya shige daji, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ashe haka Ubangiji ya yi shi. Ni kuwa duk shekarun nan bayansa kawai na sani."

Kafin a girbe gero idanunsa suka rufe. Amma kowane rani yakan shiga yawon, ya riƙe bakin sandar Habila yana binsa, shi ne kuma mai fara zama a kan dutsen.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Dajin da aka keɓe shi ne zaman mutum a gaban Allah, jagoran kuwa Almasihu ne, wanda ya san hanya ya kuma san wurin zama. Jatau ni ne, kai ne, ke ce. Duniya ta koya mana sanɗa, mun kuwa ƙware. Mun iya ɓoye abin da ke ranmu, mun iya zagaya mutum mu tare shi ta inda bai zata ba, har mu sami abin da muke so. Sai mu ɗauki wannan gwaninta mu shigo da ita sujada. Mu yi addu'a muna lissafin ta inda za mu ɓullo wa Allah, mu yi alheri muna duba inda iska ta nufa, ko mutane suna gani. Na san mu sarai, ni ma a cikinmu nake. In amsa ta yi jinkiri kaɗan, sai mu sulale ta bayan dutse mu ce jagora kirki gare shi, amma bai san halin da muke ciki ba. Sau da yawa kuma ba mu kaɗai muke hasara ba, har da waɗanda suka zauna tare da mu.

Ba a farautar Allah. Shi ne yake zuwa da kansa wurin wanda ya zauna a fili, hannu wofi, bai ɓoye zunubinsa ba, bai ɓoye bukatarsa ba. Kada ka ce warin laifinka zai kore shi, ya riga ya san shi tun kana bakin ƙofa. Zaman yana da wuya, dutse yana da zafi, wani lokaci ma za ka ji kamar takun yana yin nisa. A sa'an nan ne za ka dubi Jagora, in bai tashi ba kada ka tashi.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne, mutum yana iya yin shekaru cikin ikkilisiya yana bin sawun Allah, ya san labarinsa, ya san inda ya bi, amma bai taɓa zama ya ga fuskar alherinsa ba. Jatau ya sami yawo ɗaya da ya rage masa kafin ruwa ya sauka. Ni ban san nawa ya rage mini ba, kai ma ba ka san naka ba. Saboda haka yau, kafin mu sunkuyar da kai mu yi addu'a, kowa ya laluba aljihunsa. In akwai jakar toka a ciki, ga rumfa nan a bakin ƙofa.