Mutumin da Ya Ɓoye Sabon Kuloci

Akwai wani mutum mai tsohuwar mota a-kori-kura, ita kaɗai ce a garinsu. Irin motocin nan ne na dā, masu giya a jikin sitiyari, waɗanda sai an tura su da safe kafin su yarda gari ya waye. Har yau in na ji ƙarar irinsu sai kewa ta kama ni. Kowace shekara ita ke kai zumuntar mata babban taro a wata ikkilisiya da ke kan tudu, da tukwanensu da gangunansu da buhunan garin tuwo, suna waƙa tun daga ƙofar coci.

Wata shekara, saura mako uku taro, kulocin motar, wato abin da ake takawa a canja giya, ya cinye, mutumin ya sa aka saka sabo. Habila makanike ya ce masa, “Baba, sabon kuloci bai san motarka ba tukuna. Ka lallaɓa shi. Ka yi ta zagaya gari da kaya mara nauyi, kana tsayawa kana tashi a hankali, har ya zauna daram. Bayan nan sai ka ɗora masa nauyi.”

Mutumin kuwa “lallaɓa” kaɗai ya ji, sauran maganar ta bi iska. Ya kai motar gindin mangwaro, ya lulluɓe ta da tamfol. Kullum sai ya ɗaga ya leƙa ta kamar mai jego.

Mama Rifkatu, shugabar zumunta, ta zo ta ce ya kai mata buhun dawa injin niƙa. Ya ce, “Ki yi haƙuri, Mama, ina tanadinta saboda taronku.” Wata ta roƙa a kai ta asibiti awo, ya ce haka. Wani tsoho ya nemi a rage masa hanya zuwa kasuwa, shi ma haka. A ransa kuwa gani yake ba wanda ya kai shi hikima.

Ranar tafiya aka yaye tamfol, aka loda kaya, mata suka hau. A shekarar su ne za su buɗe taro da waƙa, wata uku suna koyonta. A fili motar ta tafi lafiya. Da suka kama hawan tudu sai injin ya yi ta ihu, motar kuwa ba ta gaba. Ya ƙara taka mai, wari ya tashi kamar an ƙona tsumma, kuloci ya ƙone.

Mata suka sauka, kowacce ta yi gammo ta ɗauki kaya. Kafin su isa an buɗe taro da waƙar wasu. Mutumin ya ji kunya ƙwarai, ya ce, “Mama, ko sau ɗaya ban wahalar da kulocin nan ba.”

Ta gyara tukunyar da ke kanta, ta ce, “Ɗana, da ka kai mini dawar nan niƙa, da yau ka kai mu.”

Ma'anar wannan misali ita ce, sabon kulocin nan sabuwar zuciya ce da Ubangiji yake ba mai tuba. Zagayen gari shi ne ƙananan ayyukan kullum: gaida mara lafiya, haƙuri da maƙwabcin da akuyarsa ta ci maka shuka, riƙe harshe a bakin rijiya. Tudun kuwa babbar jarraba ce, kuma kowa zai iske tasa. Ni na san wasunmu, har da mai faɗa muku wannan, mun lulluɓe bangaskiyarmu da tamfol muna jiran babbar rana, muna kiran hakan tanadi. Iyayenmu da suka gina cocin nan da ƙasa ba su yi haka ba, a ƙananan abubuwa suka saba, shi ya sa suka hau tudunsu.

'Yan'uwa, a makon nan wani zai zo ƙofarku da buhun dawa. Ku yaye tamfol, ku kai shi.