Kansilan da Ya Hana Buɗe Ɗakin Gwaji

An yi wani kansila a wata ƙaramar hukuma, mutum mai ƙwazo, wanda ya sa aka gyara magudanan ruwa aka kuma yi wa makarantar unguwarsu sabon rufi. Aibinsa ɗaya ne, girman kai. In ya ce a'a, ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya janyewa, kuma ba ya ƙaunar a ce akwai abin kunya a mazaɓarsa. Mutum ɗaya ce take iya gaya masa gaskiya, wato yayarsa, wata tela da ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita dai Auta take kiransa. Takan ce, "Kansilancinka a ofis ya tsaya, nan kuwa ni na share maka majina."

Wata rana shugabar sashen lafiya ta zo zaman majalisa da takarda a hannu. Ta ce an samu kayan gwajin ƙanjamau da magunguna, ana so a ware ɗaki ɗaya a ƙaramin asibitin kowace mazaɓa, don masu karɓar magani su huta da zuwa babban birni. Duk kansiloli suka amince, ban da shi.

Ya ce, "Ni a mazaɓata babu wannan cutar. Ba za a kafa mana allo a ƙofar asibiti a ɓata mana suna ba."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai ta. Mutanenka mota biyu suke hawa duk wata, su wuni a layi."

"To kawo sunayensu."

"Wannan amana ce, ba zan iya ba."

"Ashe babu su ke nan," in ji shi, ya zauna.

Shugaban ƙaramar hukumar bai so rigima ba, sai aka buɗe ɗakunan a sauran mazaɓu aka tsallake tasa.

Da la'asar ya biya shagon yayarsa yana ba ta labari da alfahari. Tana cikin ɗinki, sai ta ɗaga ƙafa daga kan keken.

"Auta, in mara lafiya ya sami magani kusa da gida, me ya rage ka da shi?"

"Yaya, ba ki san siyasa ba. Kuma duk mai wannan cutar shi ya jawo wa kansa. Ni da a danginmu ne, wallahi da ban ƙara ɗaga kai a garin nan ba."

Ta dube shi jim kaɗan, ta gyara zaren allura, ta ci gaba da ɗinkinta.

A da takan je birni duk wata, wai sayo zare da yadi. Bayan ɗan lokaci ta daina, ta ce gwiwa ta matsa mata. Kansila bai kawo komai a ransa ba. Ya ga tana ramewa, ta ce zaman keke ne. Ya ji tana tari, ta ce ƙurar yadi ce. Har kusan shekara ta zagayo, ran nan maƙwabciyar shagonta ta kira shi a waya, ta ce Yaya ta yanke jiki ta faɗi.

Ya ɗauke ta a motarsa zuwa babban asibiti. Likita ya ce tarin fuka ne, kuma ya riga ya ci jikinta. Da ta farfaɗo, ta sa Kansila ya buɗe jakarta ya ciro wani kati da ya sha ninki. Kwanan wata ne jere a jiki, wata bayan wata, sannan suka tsaya.

Ta ce, "Shekara biyar ina shan maganin ƙanjamau. A wurin marigayi mijina na samu, Allah Ya jiƙansa, shi ma bai sani ba sai da ya kwanta."

Kansila ya sake duba katin, ita kuwa ta ci gaba.

"Da na ji za a kawo magani kusa da mu, na yi murna, don ƙafata ta gaza. Na so in roƙe ka, sai na ji abin da ka faɗa. In je wata mazaɓar kuwa, wa bai san yayar Kansila ba? Na ce gara in haƙura da in sa ka sunkuyar da kai."

Ya durƙusa a gefen gadon ya riƙe hannunta, hannun da ya yi masa wanka yana ƙarami, yanzu sai ƙashi. Ya ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe tun ran nan. Amma ba ni kaɗai ba ce, Auta."

Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu. Kwana tara bayan haka rai ya yi halinsa.

Da aka gama karɓar gaisuwa, ya je zaman majalisa ya miƙe tsaye. Ya nemi gafarar shugabar sashen lafiya, ya roƙi a buɗe ɗakin a mazaɓarsa. Ranar buɗewa shi ya fara miƙa yatsa aka gwada shi a gaban kowa. Kafin wata ya ƙare, bencin ƙofar ɗakin ya yi wa masu zuwa kaɗan, sai da aka ƙaro wani. Duk wanda ya tare Kansila zai yi godiya, sai ya kau da kai ya ce, "Kada ka gode mini. Na makara da mutum ɗaya da na sani, sauran kuwa Allah kaɗai Ya san yawansu."

Darasin wannan labari shi ne, musun cuta ba ya korar ta, sai dai ya kori marasa lafiya daga magani. Ƙaramar hukuma ita ce mafi kusa da jama'a, don haka aikinta ne ta kawo gwaji da magani kusa da ƙofarsu, ta kuma riƙe sirrinsu. Wanda aka ba shugabanci ya auna maganarsa, domin bai san a kunnen wa za ta faɗa ba. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai rawanin ne yake fara shan wuyarsa ba.