Man da Aka Shafa wa Durowar Sarki

An ce wani sarki ne ya daɗe bisa mulki har shari'a ta gundure shi. Ya kai ga in aka kawo ƙara, tun mai magana bai kai tsakiya ba ya yanke hukunci, don kawai a tashi ya huta. Ba mugu ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Sai dai wanda hukunci ya faɗa wa, wannan bambancin ba ya amfana masa komai.

Wata shekara ya sa wani tsohon masassaƙi mai suna Korau ya yi masa akwatin tufafi na itacen madobiya, mai durowa goma sha biyu. Korau ya yi wata biyar yana fama. Da ya gama sassaƙa da guga, sai ya zo fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, saura shafe. A ganina a shafa wa waje mai, ciki kuwa a bar shi haka nan, sai ɗan kakin zuma a gefen da durowa ke gogar jikin akwati, domin..."

Sarki ya yi hamma, ya ce, "Akwatin sarki ne za a bari rabi yana sheƙi, rabi kamar turmin daka? Shafa ko'ina, ciki da waje."

Korau ya buɗe baki zai ƙarasa, waziri ya zabga masa harara, sai ya haɗiye maganarsa. Ya koma ya shafa man riɗi ciki da waje, akwati ya yi kyau kamar a lashe.

Mai kula da tufafin sarki wani dattijo ne, sunansa Jatau, wanda ya shekara talatin yana ninke riguna a gidan. Tun a watan farko hancinsa ya gaya masa akwai magana, don haka ya riƙa barin durowoyin a ɗan buɗe su sha iska. Wata rana sarki ya wuce ya gan su a hangame, ya ce wannan sakaci ne, a rufe, kada ya ƙara gani. Jatau ya ce to, ya rufe.

Damina ta zo ta wuce. Rannan aka yi manyan baƙi daga wata ƙasa, sarki ya sa a ɗauko masa alkyabbar da ya fi so. Yana zama cikin taro sai warin ruɓaɓɓen mai ya cika zaure. Baƙi masu ladabi ne, ba wanda ya tanka, amma kowa ya ja bakin rawaninsa ya rufe hanci. Sarki ya ji kunyar da bai taɓa ji ba. Baƙi na fita ya sa aka kira Jatau, bai tambaye shi komai ba, ya ce ya bar garin shi da iyalinsa kafin Juma'a.

A garin aka haifi Jatau, a nan kabarin iyayensa yake, matarsa kuma ƙafa ta hana ta ko zuwa bakin rijiya. Ya koma gida ya fara ɗaure kaya.

Labari ya kai wa Korau. Ya kwana biyu yana gaya wa kansa ba ruwansa, shi ya tsufa, kuma fada ba wurin neman suna ba ne. Abin ya ƙi barinsa. Ran Laraba ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Ya ce, "Ya sarki, na zo da tambaya uku, in an yi mini izini."

Sarki ya ce, "Yi biyu, na gaji."

Korau ya roƙi a je gaban akwatin. Ya ce sarki ya sunsuna samansa. Sarki ya sunsuna, bai ji komai ba. Ya ce a jawo durowa ɗaya. Aka jawo, sarki ya kau da kai da sauri.

Korau ya ce, "Ya sarki, mai ɗaya ne, hannu ɗaya ya shafa, a rana ɗaya. Me ya sa na waje ya yi sheƙi, na ciki ya yi wari?"

Waziri ya yi caraf ya ce, "Domin Jatau ba ya gogewa."

"Ranka ya daɗe, ko sau ɗari ya goge a banza, man ya riga ya shige cikin itace. Na waje ya sha iska ya bushe. Na ciki an kulle shi, bai samu bushewa ba, sai ya yi ta ruɓewa a hankali, tufa kuwa ba abin da take sha kamar wari. Da an bar shi a buɗe, da abin ya zo da sauƙi."

Sarki ya ɗaure fuska ya ce, "To wa ya shafa man a ciki?"

"Ni ne, ya sarki."

"Ashe kai ya kamata a kora."

"Ban musa ba. Na san abin da zai faru, na yi shiru don tsoron harara, kuma nauyin wannan yana wuyana. Ga tambayata ta biyu. Wa ya sa ni na shafa, wa kuma ya sa Jatau ya rufe?"

Waziri ya duƙufa kallon yatsun ƙafarsa kamar yau ya fara ganinsu. Sarki ya daɗe tsaye, hannunsa kan akwatin, sannan ya ce a kira Jatau.

Jatau ya zo da zaren igiya maƙale a rigarsa. Sarki ya ce, "Baba Jatau, na zalunce ka. Kwance kayanka, ka koma bakin aikinka."

Jatau ya durƙusa da ƙyar, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki. Na gode da aka bar ni in mutu a garinmu. Amma aiki kam, a yafe mini. Shekara talatin ina cikin gidan nan, ran da aka kira ni ba a nemi jin kalma ɗaya daga bakina ba. Ba fushi nake ba, wallahi. Na dai gaji."

Ya ajiye mabuɗin ɗakin tufafi a gaban sarki, ya miƙe a hankali.

Sarki ya juya ga Korau ya ce, "Akwatin fa, yana gyaruwa?"

"Zan kankare cikin kowace durowa har in tarar da itacen da mai bai kai ba. Warin zai tafi. Amma durowar da aka kankare ba ta komawa daidai da gurbinta, za ta riƙa girgiɗi har iyakar rayuwarta."

Sarki ya dubi ƙofa, ya ga bayan Jatau yana fita, bai waiwayo ba. Idanun sarki suka kawo ruwa. Ya ce wa waziri, "Rubuta ka ajiye wa wanda zai gaje ni: kafin sarki ya tambayi wa ya yi, ya fara tambayar wa ya sa."